Katangar kuɗi a jaridarmu: littafin aiki

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

An tashi daga taron farkon shekara, an kuma ɗora mini aikin da kowa ke zille wa: in tsara yadda za mu fara karɓar kuɗi daga masu karanta mu. Jaridarmu ƙarama ce, da Hausa muke rubutu, a intanet kawai muke fita, ofishinmu ɗaki biyu ne a Kano. Zan riƙa rubuta abin da ake ciki a nan, don kada gobe wani ya ce ba haka aka yi da shi ba.

Dalilin ba shi da tsawo. Kuɗin ajiye shafi da dala muke biya, dala kuwa tana wajen naira 1,500. Tallan da ke fitowa da kansa a gefen labari ko man janareta ba ya saya. Tallan gwamnati da na 'yan siyasa yana da tsoka, amma ran da ka taɓa mai gidan ran nan kwangila ta ƙare, bashin baya ma sai ka gaji da sintiri a ma'aikata. Saura mai karatu, wanda tun da muka fara ba mu taɓa cewa ya kawo sisi ba.

Talata, 14 ga Janairu

Kwanakin nan ina bin sawun waɗanda suka riga mu. Hanyoyin da suka bi ba su da yawa.

Akwai masu rufe ƙofa ruf, ba ka ganin komai sai ka biya. Wall Street Journal ta Amurka tun 1996 take karɓar kuɗi a intanet, kuma ta tsira ne don masu karanta ta 'yan kasuwa ne, labarin da suke saya kuɗi yake jawo musu, sau da yawa ma kamfani ke biya musu. The Times ta Landan ta rufe tata a Yulin 2010, fam 1 a rana ko fam 2 a mako. Masu leƙa shafin suka ragu ƙwarai, ta daure, har yau katangar na nan. 'Yar gidansu, The Sun, ta gwada a 2013 a kan fam 2 a mako, ta rushe katangar a ƙarshen 2015. Labarin ƙwallo da gulmar taurari da take son sayarwa, maƙwabtanta na rabawa a ɓagas. Wannan misalin ya fi kama da halinmu fiye da sauran, shi ya sa na ja masa layi.

Akwai masu awo: karanta kaza kyauta a wata, in ka wuce ka biya. Financial Times ta fara a 2007. New York Times ta bi a ranar 28 ga Maris, 2011, labari 20 kyauta a wata, daga nan dala 15 duk mako huɗu. A 2012 ta rage zuwa 10, a ƙarshen 2017 zuwa 5. Yanzu masu biyanta sun haura miliyan 11, kuma duk wanda ya zo taro a kan wannan batu da ita yake buɗe baki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta taɓa faɗuwa. Daga 2005 zuwa 2007 ta kulle marubutanta na ra'ayi a wani tsari mai suna TimesSelect, dala 49.95 a shekara, ta janye. Kuma a yau ba labari kaɗai take sayarwa ba: akwai girke-girke, akwai wasannin wasa ƙwaƙwalwa, akwai shafin labarin wasanni na The Athletic da ta saya dala miliyan 550 a 2022.

Sai masu barin ƙofa a buɗe su roƙi gudummawa, kamar Guardian ta Ingila, da Daily Maverick ta Afirka ta Kudu da ta buɗe tsarin mambobinta a 2018.

Edita wannan ta ƙarshe yake so. Ya ce ba zai iya kallon talaka ya zo neman labari a ce masa sai da kuɗi ba. Na ce masa, “Yallaɓai, mutanenmu suna da kyauta, a kawo maganar masallaci ko ta mara lafiya ka gani. Amma jarida ta miƙa hannu, bara za a kira shi. Kuma wanda zai fara zuwa da gudummawa mai kauri, kai ma ka san ko wane ne.” Ya yi shiru, ya ce a ci gaba da dubawa.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Kira, saƙo, data, duka.

Wannan ya taɓa lissafina kai tsaye. Mai karanta mu bai taɓa ɗaukar labarinmu a matsayin kyauta ba. A wurinsa ya biya, tun da ya sayi data. Kuɗin dai ba hannunmu suka zo ba. To yanzu za mu je masa da tamu buƙata a daidai lokacin da datar za ta ƙara tsada. Na sa a rage nauyin hotunan shafi, a kuma hana bidiyo tashi da kansa. In za mu karɓi kuɗin mutum, kada kuma mu cinye masa data.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau aka yi ta ta ƙare a kan farashi, kuma an kai ruwa rana.

Na fara da lissafin da zai kashe maganar kwaikwayo. Dala 15 ɗin da New York Times ta sa a 2011, a canjin yau naira 22,500 ce. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin bara naira 70,000 ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na albashin wata, kuma mafi yawan masu karanta mu ba ma 'yan albashi ba ne. Ko dala 1 a mako da Reuters ta sa a Oktobar bara, wadda a can ake gani kamar kyauta, a nan naira 6,000 ce a wata. Farashin waje ba zai gaya mana komai ba, sai dai tsarin.

Hajiya mai kula da talla ta ce a sa naira 2,000 a wata, wai abu in ya yi arha raina shi ake yi. Matashin da ke haɗa mana manhaja ya ce a sayar da labari ɗaya-ɗaya, naira 50, wanda ya ga abin da yake so ya saya. Tunanin yana da daɗin ji, amma an gwada. Wani kamfani a Holan, Blendle, ya fara haka a 2014 da manyan jaridun ƙasar a bayansa, a 2019 ya daina sayar da ɗaya-ɗaya ya koma kuɗin wata. Duk labari sai mutum ya tsaya ya yi shawara da aljihunsa, kuma yawanci aljihu ke cin nasara.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne a bi yadda mutane suke sayayya. Wanda ke sayen sukari ƙulli-ƙulli ba don bai san kwali ya fi arha ba ne, kuɗin ne ke shigo masa kaɗan-kaɗan. Don haka dole a sami na mako. Abin da aka tsayar:

Mako, naira 300. Wata, naira 1,000. Wata uku, naira 2,400. Shekara, naira 9,000.

Na wata ukun da farko 2,500 aka ce. Sai na duba jadawalin da Paystack, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet, ta wallafa na abin da take cira: kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, amma ana yafe naira 100 ɗin in kuɗin bai kai 2,500 ba. To a 2,500 za a cire naira 137.50, ya rage 2,362.50. A 2,400 za a cire naira 36, ya rage 2,364. Wato in muka rage wa mai karatu naira 100, mu ma abin da zai shigo mana ya ɗan fi. Hajiya sai da ta karɓi waya ta buga lissafin da kanta. Na shekara kuma mun tsaya ƙasa da 10,000, inda harajin naira 50 na tiransifa yake farawa, wanda tun Disamba ya haɗa har da su OPay da Moniepoint.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Farashi ya samu, amma me za mu sayar? Wannan ita ce tambayar da muka yi ta tsallakewa. Yau na je kasuwar hatsi ta Dawanau.

Wani Alhaji da ke harkar riɗi da zoɓo, wanda ya daɗe yana bin shafinmu, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a bakin sito. Waya biyu ce a gabansa, ƙarama ta kira da babba wadda yaronsa ke duba masa. Ina cikin bayanin tsarin ya katse ni. Ya ce, “Malam, wane ya sauya sheƙa, wane ya yi wa wane raddi, tun asuba na ji a rediyo. Wannan ko kyauta ka ba ni na gode ne kawai. Amma in za ka gaya mini yadda masara ta kwana a Dandume da Saminaka kafin in ɗora kaya a mota, faɗi kuɗinka.” Na ce ai yana da mutane a can da yake bugawa waya. Ya yi dariya ya ce kowanne dillali ne, kuma dillali farashin da zai amfane shi yake faɗa.

Bana hatsi yana sauka, waɗanda suka tara kaya da tsada suna jiran tashi hankalinsu ba a kwance yake ba, shi ya sa maganar farashi ke da zafi a bakin kowa. Kafin in tashi ya ƙara da abu guda: kada a kawo masa dogon rubutu. A faɗa masa da baki, minti biyu, ya saurara yana aikinsa.

Na dawo na rubuta wa edita shawara. Abin da za a kulle: farashin kasuwanni kullum da safe, a rubuce da kuma a murya, bayanin tallan kwangiloli da guraben aiki da na karatu, an tace na ƙarya, da dogon sharhin ƙarshen mako. Abin da ba za a taɓa kullewa ba: labarin tsaro, na annoba, na ambaliya, da sanarwar rasuwa. Ba za a ce hanyar Birnin Gwari ba lafiya sannan a nemi naira 300 kafin mutum ya ji ba. A kan wannan ne edita ya sa hannu.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Mun ajiye tsarin awo. Ƙidayar labaran da mutum ya karanta a cikin burauzarsa ake ajiye ta, kuma mutanenmu ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Yau ta cikin Facebook, gobe ta WhatsApp, jibi ta Opera Mini, wadda ke matse shafi a nata injinan kafin ya iso waya. Kowace ƙofa sabon mutum ne a idon na'ura. Ga kuma waya ɗaya da gida guda ke amfani da ita. Ƙidayar ba za ta taɓa daidaita ba. Kulle wasu sassa, sauran a buɗe, ya fi sauƙi.

Shiga kuma da lambar waya ne, ba imel ba. Da yawa suna da imel ɗin da mai shago ya buɗe musu ranar da suka sayi waya, ba su san kalmar sirrinsa ba.

Litinin, 3 ga Maris

Mun buɗe ranar Asabar, daidai da ɗaukar azumi. Hajiya ta so a jira bayan Sallah, na ce a azumi ne aka fi neman farashin gero da sukari da mai.

Martanin farko zagi ne. “Yanzu labari ma sai da kuɗi?” “Kun zama 'yan jari-hujja.” Wani ya rubuta cewa ilimi ba a sayar da shi, ya kawo hujjojinsa. Na hana kowa mayar da martani da zafi. Amsa ɗaya muke bayarwa: duk abin da kake karantawa jiya kyauta, yau ma kyauta ne, sabon abu ne muka ƙara muka sa masa kuɗi. Gaskiya ce kuwa, ban da sharhin ƙarshen mako.

Waɗanda suka biya ba su yi surutu ba. Mafi yawansu na mako suka ɗauka.

Litinin, 17 ga Maris

Ranar Juma'a Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar da ke kula da Muryar Amurka, ranar Asabar aka ce wa ma'aikata sama da 1,000 su zauna a gida. Sashen Hausa, wanda ke watsa shiri tun 1979, ya yi tsit.

Wannan ya shafi aikinmu fiye da yadda ake gani. In ana maganar katangar kuɗi a Turai ko Amurka, jarida da jarida ke gasa, kowacce na neman abin da za ta biya ma'aikata. Mu a Hausa abokan gasarmu na daban ne. BBC tana Hausa tun 1957, DW tun 1963, RFI tun 2007, ga na Sin da Iran da Turkiyya. Suna da wakilai a jihohi, suna da kayan aiki, suna biyan albashin da mu ko a mafarki, kuma ba sa neman ko kwabo a hannun mai sauraro. Kusan shekara saba'in ke nan Bahaushe yana samun labarin duniya mai inganci ba tare da ya sa hannu a aljihu ba, har ya zama a wurinsa haka labari yake. Alhali akwai mai biya: mai biyan haraji ne ko kuɗin lasisin talabijin a wata ƙasa, kuma don wata manufa ta ƙasarsa. Ba na zargin aikinsu, da yawanmu a wurinsu muka koyi sana'ar. Amma wanda ke biya shi ke da ikon rufewa, kuma ga shi an rufe ɗaya a kwana guda ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya a Kano ko Damagaram ba. Daga wannan ɓangaren ma haka ne: gwamnatin Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar bara.

Matashinmu ya ce mu yi amfani da damar mu fitar da talla, “Muryar Amurka ta tafi, ku tallafa wa taku.” Edita ya ƙi, ya ce abokan aikinmu ne suka rasa abinci, ba a talla da wannan. Na goyi bayansa.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi Sallah, an dawo, ga matsalar da ta fi duk wadda na yi tsammani: sabuntawa.

Duk tsarin kuɗin wata na ƙasashen waje a kan abu ɗaya ya dogara, wato katin banki da ake cira da kansa duk wata, mutum ya manta ma yana biya. A nan ba haka ba ne. Kaɗan ne suka yarda su sa lambar kati, kuma ba na ganin laifinsu, kowa ya san wanda aka kwashe wa kuɗi. Waɗanda suka sa, ranar cira sai a tarar asusun ba komai, don mutum yana da asusu uku kuma kuɗin na wancan. Sauran duk tiransifa suke yi, wasu ta wurin mai POS, sannan su turo hoton rasit ta WhatsApp da sunan da bai yi daidai da na alat ba. Yarinyar da ke karɓar baƙi ita ta koma mai daidaita rasit da suna, har dare.

Ma'ana, mu kowane mako sai mun sake sayar wa mutum abin da ya riga ya saya. Gyaran da muka yi: kowane mai biya an ba shi lambar asusu tasa shi kaɗai, da zarar kuɗi sun shiga shafi ya buɗe, ba sai an turo rasit ba. Sannan saƙon tuni kwana ɗaya kafin wa'adi ya cika, da lafazi mai ladabi. Mun gwada “Kuɗinka ya ƙare” mun ga ba a so. Yanzu cewa muke, “Barka da warhaka, gobe ne wa'adinka zai cika.”

Hajiya ta kawo shawarar rangwame, wata na farko naira 200. Na ƙi, ga dalilina. Rahoton Cibiyar Reuters ta Oxford na 2024 ya nuna a ƙasashe 20 masu arziki kashi 17 cikin 100 ne kawai ke biyan labari a intanet. Nowe ce a sama da kashi 40, Amurka 22, Birtaniya 8. Kuma a cikin masu biyan, kusan kashi 41 ba cikakken farashi suke biya ba. Su suna jawo mutum da arha ne don sun san kati zai ci gaba da cira bayan farashi ya tashi. Mu da sai mutum ya ɗauki waya da hannunsa ya tura, ran da 200 ta koma 1,000 ran nan za mu rabu. Na mako shi ne ɗanɗanonmu, ya isa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Jadawalin farashinmu yana fita ƙarfe bakwai na safe. Kafin bakwai da kwata yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa, an ɗauki hotonsa, wani har ya yanke sunanmu. Muryar ma haka.

Matashinmu ya fusata, ya ce zai sa lambar wayar kowane mai biya a jikin hoton, a gano mai fitarwa a rufe shi. Na ce ya dakata. Tun da aka fara jarida a ƙasar nan haka ake karanta ta. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 kwabo ɗaya ake sayar da ita, amma mutum guda ke saya ya karanta wa zaure guda. Har gobe ka je teburin mai jarida da safe za ka tarar da masu karatun tsaye sun fi masu saye. Ba za mu canza wannan da barazana ba, kuma wanda ya tura wa abokansa ba ɓarawo yake ganin kansa ba, alheri yake ganin ya yi.

Abin da muka yi: sunanmu da lambar biya sun koma tsakiyar jadawalin, inda ba a iya yankewa, don in ya yi yawo ya zama talla. Sannan muka fito da farashin ƙungiya. Na koma Dawanau na sami shugabannin wani layi, na ce maimakon mutum ɗaya ya biya 1,000 ya raba wa mutum hamsin, ƙungiya ta biya kuɗi guda mu riƙa turo muku kai tsaye cikin zaurenku. Ciniki ya yi tsawo, an sha shayi, an tashi a kan za su yi shawara. Shekaranjiya suka turo na wata uku. Wannan kaɗai ya fi abin da 'yan mako da yawa suke kawowa, kuma babu bin kowa da tuni.

Litinin, 19 ga Mayu

Gardama ta tashi a kan wani bincike da wakilinmu ya daɗe yana yi, game da aikin asibitin wata ƙaramar hukuma da aka biya kuɗinsa ba a yi ba. Hajiya ta ce irin wannan ne ya kamata a kulle, shi zai jawo masu biya. Wakilin ya ce in aka kulle, mutanen garin da aka cuta ba za su gani ba, wanda ya ci kuɗin kuwa zai yi barci da munshari. An bar shi a buɗe, da layi ɗaya a ƙasa cewa kuɗin masu biya ne ya kai wakili garin. A makon an sami sababbin masu biya fiye da kowane mako tun bayan buɗewa, duk da ba a kulle komai ba.

Amma akwai ɗaya gefen. Wani mai biyan shekara ya kira ofis ya ce a mayar masa da kuɗinsa, don mun taɓa ɗan jam'iyyarsu. Ya ce shi da yake ciyar da mu ba zai zuba ido muna zagin mutanensa ba. An mayar masa. Na tuna abin da ya sami Washington Post a Oktobar bara, da mai ita Jeff Bezos ya hana ta fito ta goyi bayan ɗan takara, mutum sama da 200,000 suka soke rajistarsu cikin 'yan kwanaki. Mun gudu daga mai talla ɗaya da zai iya juya mu, amma masu biya ma in suka taru a ra'ayi ɗaya suna iya ja. Na roƙi edita kada a riƙa nuna wa wakilai jerin labaran da suka fi kawo masu biya, don kada su fara rubuta abin da zai faranta kawai.

Talata, 10 ga Yuni

Babbar Sallah ta wuce ranar Juma'a. Makonni biyu kafin ta, farashin raguna ne ya riƙe mu. Nijar ta hana fitar da dabbobi a watan Mayu, kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari suka ji a jikinsu, kowa na son sanin inda rago ya fi sauƙi. 'Yan mako suka ƙaru sosai. Yau na duba, yawancinsu ba su sabunta ba, kuma ban sa an bi su da saƙo ba. Sun sayi abin da suke buƙata a lokacin da suke buƙatarsa. Da kaka za su dawo.

Daga Maraɗi da Damagaram ana ta tambayar yadda za a biya da sefa. A yanzu wasu suna ba 'yan kasuwar da ke shigowa Kano su tura musu da naira. Mutanenmu na Saudiyya da Kumasi su ma sun yi magana. Waɗannan na shekara suke so, kuma ba sa ciniki.

Juma'a, 27 ga Yuni

Jiya BBC ta sa katanga ga masu karanta shafinta daga Amurka, dala 8.99 a wata ko 49.99 a shekara. Na Turanci ne, kuma can ne. Edita ya turo mini labarin da sassafe ba tare da ya ƙara ko kalma ba.

Inda muke: kuɗin masu biya yanzu yana ɗaukar ajiye shafi da alawus ɗin masu tattaro mana farashi a kasuwanni. Bai kai ga albashin kowa ba. Ƙungiyoyi su ne ƙashin bayan abin, sai 'yan shekara, sai 'yan mako da ke zuwa suna tafiya. Sharhin ƙarshen mako ba ya jawo kowa, na ba da shawarar a buɗe shi daga watan gobe, marubucin ma ya fi son haka.

Abin da ke gaba: a gana da 'yan Kantin Kwari da na Singa a kan farashin ƙungiya, a nemo hanyar karɓar sefa da ba ta bi ta hannun direba ba, a ƙara kasuwa biyu daga Jigawa kafin sabon amfani ya fara shigowa. Masu tattaro farashi sun nemi ƙari saboda kuɗin mota, kuma suna da gaskiya. Hajiya na son na mako ya koma 400 don a biya su. Ni na fi son a bar shi a 300 a ɗora ƙarin a kan ƙungiyoyi. Ranar Talata za a zauna a kai.